Murfin Injin Isufu

Duk wanda ya taɓa kai niƙa a Kwaya ya san Isufu mai inji, ko da bai san ainihin kalar fuskarsa ba, don garin hatsi ya daɗe da rufe ta. Gira fari, gemu fari, har baƙo kan gaishe shi da "sannu Baba", alhali ko hamsin bai cika ba. Ɗan manoma ne, amma noma bai taɓa shiga ransa ba. Yana saurayi ya tafi cin rani Baɓura, ya zauna wurin wani mai niƙa har ya koyi sana'ar, ya dawo gida da tsohon inji mai shan gazuwal, wato man dizal, a kan amalanken jaki. Mutane suka fito kallo, wasu na cewa ƙarafa ya sayo. Ƙarafan nan su ne suka ciyar da gidansa har yau.

A wajen aiki ba a raina masa. Da kunne yake gane ciwon inji tun kafin ya tsaya. Ba ya ƙwarar kowa, ba ya korar tsohuwa don ta zo da ɗan hatsi kaɗan. Aibinsa guda ne, kuma duk garin an san shi da shi: abin da bai hana inji juyawa ba, a wurin Isufu ba matsala ba ne. Ƙofar rumfa ta karye, sai ya tokare ta da dutse. Waya ta zube, sai ya ɗaure ta da leda. In aka yi magana ya ce, "Bari a ga bayan kasuwa." Kasuwa kuwa kowane mako sai ta dawo.

Matarsa Habsatu mai man gyaɗa ce, kuma man nata ba irin na kowa ba ne. Ita ke suyar gyaɗarta, ta murje, ta sheƙe, ta kawo rumfar mijinta a markaɗa, sannan ta koma gida ta tuƙa da ruwan zafi, ta sa hannu ta matse tunkuzar har mai ya tsatso. Sirrin duk a hannun nan yake. Ta san lokacin da tunkuza ke son ruwa da lokacin da za a ƙyale ta, ba tare da ta auna komai ba. Ranar kasuwar Sassumbrum, kafin azahar bidonta, wato jarkar man, ya ƙare, ƙuli-ƙulinta ma haka. Da wannan hannun ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, Isufu kuma ba ya ɓoye alfaharinsa da ita.

Injin yana da wani murfin kwano mai tsawo da ke rufe bel, wato igiyar robar da ke juya turmin niƙa. Wata shekara bel ɗin ya fara zamewa, sai Isufu ya kwance murfin don ya riƙa shafa masa ƙaro. Ya jingine shi a kusurwar rumfa da niyyar mayarwa da yamma. Yamma ta yi, ya gaji. Bayan 'yan kwanaki da ya tuna, sai ya tarar kazar Inna Ɗela, tsohuwar da ke maƙwabtaka da rumfar, ta zuba ƙwai a ciki ta kwanta abinta. To, a garin ba a tayar da kaza daga kwanci, balle kazar tsohuwar da ta goya ka kana jariri. Isufu ya yi dariya ya ce a bari ta ƙyanƙyashe. Ta ƙyanƙyashe, ta kwashi 'ya'yanta ta tafi, amma kafin nan ido ya saba da ganin bel tsirara. Murfin kuma ya sami sabon aiki, ya zama wurin tara dusar ragon layya.

Inji bai cuci kowa ba sai da ya yi gargaɗi, wannan dole a faɗa. Wata safiya Habsatu ta sunkuya ɗaukar kwanonta, bel ya cafki gefen mayafinta, ya yage shi, ya nannaɗe guntun a jikin ƙarfe. Tsohon mayafi ne da wanki ya cinye, shi ya sa ya yage da sauƙi. Matan da ke layi suka yi salati, sannan suka koma dariya. Ita ba ta yi dariyar ba. Da suka koma gida ta ce masa, "Malam, abin nan fa ba wasa ba ne. Yau mayafi ya ci. Ka mayar masa da murfinsa, don Allah."

"Zan mayar," in ji shi. "Notinansa ne suka ɓace. In na shiga Magariya zan sayo."

Ya shiga Magariya kuwa. Abin ya tsaya masa a rai, amma ta inda bai kamata ba: kunyar da ya ji ita ce matarsa ta fita da yagaggen mayafi a gaban mata, kuma injinsa ne sila. Sai ya zarce layin masu tufafi, ya zaɓo mata hijabi mai kauri, dogo har ƙasa, ruwan toka, irin wanda ba ya yagewa. Noti kuwa sai a kan hanyar dawowa ya tuna da su. Habsatu ta karɓi kyautar, ta ji daɗi ƙwarai, ta yi godiya. Wa zai karɓi sabon hijabi da hannu ɗaya, ya tayar da tsohuwar magana da ɗayan? Ta bar maganar murfin, shi ma ya ɗauka an biya bashin.

Da kaka ta yi, sabuwar gyaɗa ta shigo, rumfa ta cika maƙil a jajiberin kasuwa. Isufu ya zuba gyaɗar Habsatu, ya zaga baya don ƙara wa inji ruwa. Kwanonta ya cika yana neman zuba, ita kuwa ba ta iya ganin ɓarna. Ta sunkuya ta janye shi. Bel ya kama hijabin, wannan karon kuma bai yage ba. Ya fizge ta ta wuya, ta kai hannun dama don ta ƙwace, hannun ya bi. Ihun mata Isufu ya ji, ya kashe inji, amma inji ba ya tsayawa nan take.

A bisa moto, wato babur, aka kai ta asibitin Magariya, Isufu na riƙe da ita daga baya, jininta na jiƙa masa riga. Allah ya yi da sauran kwana, ta rayu. Yatsu uku suka tafi, sauran biyun suka sandare.

Masu zuwa jaje kowa ya ce ƙaddara ce, Isufu ya amsa da baki, don shi ma ya yi imani da ita. Amma ya san inda murfin yake, kuma ya san wanda ya ajiye shi can. Washegarin da aka sallamo ta ya zubar da dusar, ya aro noti wurin mai gyaran amalanke, ya ɗaura murfin. Aikin bai ɗauki lokacin da ake shan shayi ba. Ya zauna a kan buhu yana kallonsa, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Habsatu ba ta taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba. Da ta faɗa, da ya sami sauƙi. Yanzu ba ya barin ko ƙusa a ƙasa, kuma duk rumfar niƙan da ya shiga ya ga bel a buɗe, sai ya tsaya ya yi magana, ko an ji haushinsa. Wasu sun gyara. Wasu sun ce masa bari a ga bayan kasuwa.

Sana'ar mai ba ta mutu ba, don Habsatu ta ƙi zama. Duk jajiberin kasuwa Isufu kan rufe rumfa da wuri, ya nannaɗe hannun riga, ya durƙusa gaban turmi a tsakar gida, aikin da da can ko a mafarki namiji ba zai yi ba. Ita tana zaune a gefe tana ce masa ya ƙara ruwa, ya dakata, ya matsa. Wani lokaci sai ya ga guntun hannunta yana motsi a kan cinyarta, yana matsar tunkuzar da ba ya taɓawa.

Kwanan baya wata tsohuwar mai saye ta ɗanɗana man a kasuwa, ta yamutsa fuska ta ce, "Habsatu, wannan ba hannunki ba ne." Isufu na tsaye yana riƙe da bidon. Habsatu ta ja mayafi ta rufe hannun damanta, ta ce, "Na Malam ne. Yana koyo."