Simfukwe da Ƙudan Zuman Sigina

Shekara ashirin da shida na yi ina tuƙa jirgin ƙasa a layin arewa, kuma cikin ma'aikatan tashoshi ban ga mai son mutane da son abinci kamar Kapembwa Simfukwe ba. Mai canza layi ne a Lwitila, wata 'yar tasha a tsakiyar daji inda dogo ke rabuwa biyu don jirage su kauce wa juna. Aikin ubansa ya gada. Gajere ne, ga tumbi, ga dariyar da ake jiyowa tun daga gada. Matarsa Nakamba tana sayar wa fasinjoji gasasshen rogo da gyaɗa ta taga, shi kuwa kafin jirgi ya iso ya cinye mata rabi.

Duk ranar da na tsaya sai ya ɗaga murya: "Direba, yau ma ka makara! Turo shi ka yi?"

Ni kuma in ce, "Tumbinka ne ya tare hanya, Baba."

Abin ya faru cikin Oktoba, ana tsananin zafi, ruwa bai sauka ba. Wani jirgin kaya ɗauke da jan ƙarfe ya lalace a tashar, ga shi da tsawo, har taragunsa na baya suka toshe mararrabar. Ni kuma ina tafe daga kudu da fasinjoji maƙil, ban san komai ba, don rediyon tashar ya kwana biyu a mace. Siginar da za ta tsayar da ni tana bayan kwana, kilomita guda daga tasha. Hannu ne na ƙarfe a kan dogon turke: in ya miƙe a tsaya, in ya sunkuya a wuce. Da wayar ƙarfe ake jansa daga tasha, in an tura wata sanda.

Simfukwe ya tura sandar don hannun ya miƙe, sai ya ji wayar sakwaf, babu nauyin da ya saba ji. Ya gaya wa shugaban tasha, shi kuma ya leƙo ya ce ai ga sanda nan inda ya kamata.

"Ranka ya daɗe, sanda ta yarda, hannuna bai yarda ba," in ji Simfukwe. Ya fizgi jar tuta, ya haye keken Nakamba ba sallama.

Ya tarar da hannun a sunkuye, yana cewa a wuce. Ashe ƙudan zuma ne suka yi saƙa cikin akwatin da hannun ke juyawa, kakin zuma da ƙura suka daskare suka riƙe shi. Ya ɗauki dutse ya buga turken ko zai saki. Hannun ko motsi, ƙudan kuwa suka taso. A daidai nan ya ji hon ɗina. Ya yar da keken, ya kama gudu a kan dogo ya nufo ni, su kuma suna biye.

Abin da na hango daga nesa shi ne wani gajeren mutum yana tsalle, yana marin kansa, yana kaɗa jan ƙyalle. Abokin aikina Mutale ya ce, "Wannan kam giya ya sha." Ni dai ja na gani, na danna birki iya ƙarfina. Ƙarfe ya yi ta kuka, kayan mutane suna zubowa a taragu. Sai da muka wuce siginar, muka sha kwana, sannan jirgi ya tsaya. Ga bayan jirgin kayan nan a gabanmu, taku ɗari biyu bai cika ba.

Can sai ga Simfukwe ya iso yana haki, yana dukan ƙofa. "Buɗe, Direba, buɗe! Baƙi gare ni!"

Muka buɗe, ya shigo da baƙin nasa. Ni sun harbe ni sau huɗu, Mutale da ya zage shi sau tara. Shi nasa ba su ƙirgu ba.

Awa huɗu muka yi ana gyaran jirgin kayan. Wata tsohuwa cikin fasinjoji ta ce a ba ta ciyawa da ashana, yara ne mu. Ta sa aka yi wa ƙudan hayaƙi, aka kwashe zuma bokiti biyu. Nakamba ta iso da tiren rogonta a ka, ta dubi mijinta, fuska ta kumbura, idanu sun shige.

"Wane ne wannan? Ni mijina yana da idanu."

"Uwar yara, ki bar zancen ido, baki yana nan. Miƙo rogon."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta zauna a kan tsakuwa ta riƙe ƙafarsa. Ranar ba ta sayar da ko guda ba, rabawa ta yi, kowa yana dangwala da zuma. Matan wata ƙungiyar coci da za su biki suka kewaye shi suna waƙa da sunansa, shi kuma yana rawa bai ma ganin gabansa.

Bayan kwana uku masu gyara suka zo, suka wanke akwatin, suka sa masa raga. Da suka bi sauran siginonin layin sai suka sami guda biyu da ƙudan suka fara shiga. Aka gyara rediyon. Hukuma ta ba Simfukwe sabon keke, Nakamba ta karɓe, ta ce nata ne ya lanƙwasa.

Tsohuwar nan ce ta koya masa rataya amya kafin mu tashi. Da ya yi ritaya ya koma gonarsa a gindin dutse, yanzu amya goma sha ɗaya gare shi. Na je wurinsa bayan girbin bana. Muka ci tuwon masara da ƙananan kifi da miyar gyaɗa a ƙarƙashin mangwaro, jikoki suna ta hawa kansa. Da zan tafi ya ɗora mini jarkar zuma da zakara, ya rako ni har bakin titi, ya tsaya sai da na sami mota.