Batirin Alhaji Mai Albasa

Mahaifina mai cajin batir ne a Kalgo, a wata rumfa da ke bakin hanyar mota, jingine da ɗakin injin niƙa. Babu lantarki a garin lokacin, saboda haka injin niƙan ne ke juya masa dinamo, wutar ta bi waya ta shiga wani akwatin ƙarfe, daga nan ta wuce cikin batir. A fuskar akwatin akwai allura mai nuna ƙarfin wuta, da maɓalli guda da ake murɗawa, mai gaɓa takwas. Baba bai taɓa wuce gaɓa ta uku ba. Direbobi su yi ta tsaki suna duba agogo, shi ko a jikinsa. Allurar ma bai cika kallo ba. Sai ya buɗe murafun batir, ya kara kunne, ya saurari yadda ruwan ciki ke motsi. In ya ji ya fara sauri, ya rage wuta.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ni ina Gwandu ina ɗinki a bakin tasha, da matata da 'yarmu guda. Wata rana da hantsi wani Alhaji mai motar albasa, wanda duk tashar ta san shi, ya tsaya a inuwar da ke gaban kekena yana ba mutane labari.

"Tsohon ga na Kalgo ya ruɗe," in ji shi. "Batir sabo na kai mai, yah hwasa min shi. Duk mai son motatai shi kiyayi rumfag ga."

Aka yi dariya. Bai san ni ɗan tsohon ba ne. Bai kuma gaya musu cewa a fuskar Baba batirin ya fashe ba. Wannan sai da la'asar na ji, da saƙo ya iso daga gida.

Mai injin niƙa ne ya ba ni labarin yadda aka yi, don a gabansa aka yi komai. Alhaji ya kawo batir yana sauri, Baba ya ce sai gobe. Da aka kira azahar Baba ya tafi masallaci, Alhaji ya sa hannu ya murɗe maɓallin nan har takwas, ya koma wajen motarsa. Baba na dawowa ya ji ruwan batir na tafasa, ya sunkuya ya fizge waya. Tartsatsi ɗaya ya tashi, batir ya tarwatse, ruwan ya watsu masa a ido biyu. An kai shi asibitin Birnin Kebbi, ya dawo da idanu farare. Alhaji kuwa ya ari batir a ranar ya yi gaba da albasarsa. Ko sannu bai aiko ba.

Na sayar da keken ɗinki na koma Kalgo da iyalina. Maganar Alhaji ta riga ni zuwa kowace tasha, direbobi sun ɗauke ƙafa, sai da muka yi shekara biyu kafin su fara dawowa ɗaya-ɗaya. Baba na zaune kan tabarma a gefen rumfa, ni ina aiki, yana koya mini da kunne. Duk mako koriyar motar Alhaji takan wuce ta gabanmu ba ta ko rage gudu, ni kuma in bi ta da ido har ƙurarta ta kwanta. Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa roƙon Allah ya shirye shi ba. Roƙona kullum shi ne Allah ya kawo mini shi.

Sai da aka shekara biyar. Cikin zafin bazara, motar Alhaji ta mutu a rairayin da ke hanyar shiga Kalgo, cike taf da buhunan albasa ƙarƙashin tamfol. An tura har an gaji, ko motsi ba ta yi ba. Mai caji na Birnin Kebbi injinsa ya lalace tun mako biyu, kowane direba ya san da haka. Alhaji bai zo da kansa ba, direbansa ya turo da batirin a amalanke. Ina ganinsa na ji zuciyata ta yi fari.

Na buɗe murafu, na maƙala waya, na murɗa maɓalli zuwa shida. Na san abin da nake yi. A shida ba zai fashe ba, amma farantan cikinsa za su dahu su lanƙwashe. Zai tayar da mota sau ɗaya ko biyu, sannan ya mutu murus can dajin bayan Diggi, inda ba rumfa ba inuwa. Har na fara ganin Alhaji tsaye a rana da babbar rigarsa, albasa na ruɓewa a bayansa.

Ba a jima ba Baba ya ɗaga kai daga tabarma.

"Wutag ga ta yi yawa."

"Uku ta, Baba."

Ya miƙe, ya lalubi ginshiƙin rumfa, ya bi waya da hannu har ya taɓa batirin. Sai na ga ya fara sunkuyawa, yana kai fuskarsa mai tabo bakin ruwan da ni na sa yake tafasa. Ban san lokacin da na cafki rigarsa na ja shi baya ba, ɗaya hannun kuma ya mai da maɓalli uku.

"Ni kaka yi ma ƙarya bisa wuta?" in ji Baba. "Batirin wa na?"

Na gaya masa.

"Ba shi uku," ya ce, ya koma tabarmarsa. "Awa na kowa."

Haushi ya cika ni har wuya, na zauna ina huci. Amma da na dubi allura sai wani abu ya faɗo mini. Batirin nan ya mutu ƙarƙaf, injin niƙa kuma da rana kawai yake aiki. A gaɓa ta uku, ko za a yi me, sai jibi.

Da la'asar Alhaji ya kasa haƙuri ya zo. Ya yi ƙiba, gemu ya fara fari. Ya tsaya nesa da rumfa ya yi wata sallama da ba ta nufi kowa ba. Mata masu kawo niƙa na nan, ga direbobi biyu, ga mai injin da ya ga abin da ya faru shekara biyar baya.

"Samari, kayana na lalacewa. Ƙara mai wuta mana."

"Ga maɓallin nan, ranka shi daɗe," na ce. "Ai ka san hanya tai."

Mai niƙa ya rage ƙarar injinsa don ya ji da kyau. Alhaji ya dubi maɓallin, ya dubi Baba, ya cusa hannuwansa cikin aljihu. Daga nan ya nemi benci ya zauna.

Yini biyu ya yi a bencin nan, taku uku tsakaninsa da tabarmar Baba. Ba inda zai kai idonsa bai ci karo da fararen idanun nan ba. Rana ta biyu warin albasa ya fara isowa rumfa daga inda motar take, mata na toshe hanci suna wucewa. Ni ban taɓa jin ƙamshi mai daɗinsa ba. Baba bai yi masa magana ba, shi ma bai yi ba. Lokaci-lokaci dai Baba kan karkata kai ya saurari batir, ya ce mini, "Da saura."

Ranar jibin da hantsi na buɗe murafu don dubawa ta ƙarshe. Alhaji ya taso da sauri, ya leƙo ta kafaɗata yana son ganin ruwan. Baba ya ji motsin babbar riga kusa da batir. Ya juyo da fuskarsa sosai wajen Alhaji, ya yi magana a hankali, yadda kowa a rumfar ya ji.

"Alhaji, ja baya kaɗan. Ruwan ga ba shi da kyau ga ido."

Alhaji ya ja baya har ya yi tuntuɓe da benci. Ya juya ya nufi motarsa ba sallama, direba ya biyo shi da batir a amalanke. Rabin albasar a bakin hanya aka zubar, awakin Kalgo ma sun ƙi ta.

Har Baba ya rasu mutanen gari na ba da labarin nan, suna cewa ga mai haƙuri, wanda ya makantar da shi ma yake ji wa tsoron ido. Ban taɓa musa musu ba. Amma ni ne nake tsaye kusa da shi ranar, kuma na ga yadda gefen bakinsa ya motsa bayan ya faɗi maganar.