Wankin kayan aikin Abuya

Shekara ashirin da wani abu mahaifina ya yi yana gyaran tukwanen ɗumama ruwa a barikin sojojin ruwa da ke Jidda. Manyan tukwane ne na ƙarfe, su ke ba kicin da ɗakin wanki tururi, bututunsu a naɗe da wani farin abu mai kama da auduga, wai shi asbestos. Idan za a yi gyara, da hannu suke ɓamɓare shi. Mu 'ya'yansa Abuya muke ce masa kamar sauran yaran Makka, ni kuma yana ce mini Uwata don sunan mahaifiyarsa na ci.

Duk Alhamis yake dawowa gidanmu na unguwar Tandabawi da kayan aikinsa a jaka. Dokar gidan ita ce wadda ta wanke kayan, ita ke da abin da ke aljihu. Shi kuwa da gangan yake cika aljihun: biskit ɗin sojoji, cakulan da ya narke, wani lokaci katantanwar teku. Ni ce babba, kuma ba ni da kunya a kan cakulan, don haka ƙannena ko kusa da jakar ba sa zuwa. Sai in hau rufin gida in dinga buga rigar a jikin katanga, farar ƙura tana tashi tana sauka mini a gashi. In sauko ina dogara tsintsiya, wai na tsufa, Ummi mahaifiyarmu tana dariya har da riƙe ciki. Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba.

Bara, shekara talatin bayan haka, tari ya matsa wa Abuya. Likita ya ga tabo a huhunsa, ya ce ƙurar nan ce, ba mai tsanani ba ne amma sai an riƙa duba shi. Sannan ya tambaye shi wa ke wanke masa kayan aiki a lokacin, don shi ma ya kamata a ɗauki hoton ƙirjinsa.

Washegari da hantsi sai ga Abuya a ƙofar gidana a unguwar Shisha, da jakarsa.

"Uwata, yalla, maza ɗauko abayarki. Mustashfa za mu, likita ya duba ki."

Na ce masa lafiyata ƙalau, ga girki a kan wuta, sai wani satin. Gaskiyar magana tsoro nake ji. 'Ya'yana uku, ƙaramar ko makaranta ba ta shiga ba, kuma na fi son in zauna ban sani ba.

"Halas, shi ke nan," in ji shi. "Ina nan har wani satin."

Ya kuwa zauna. Ya ƙwace kujerar maigidana, ya ce shayinsa ruwan wanke kofi ne. Ya kwance mana hitar banɗaki da ba abin da ya same ta, muka kwana biyu muna wanka da ruwan sanyi. Ko atishawa na yi sai ya leƙo kicin ya tsura mini ido. Yaran suna ta murna kakansu ya tare, ni ina ta cika ina batsewa. Ran kwana na shida maigidana ya ja ni gefe ya ce, "Don Allah ki je. Na ga ya fara kallon injin wanki."

Muka je. A ɗakin jira ya ƙi zama, ya tsaya yana jan carbi, shi da aka ce ya rage tsayuwa. Da aka ɗauki hoton ƙirjina aka kira mu, likitar ta daɗe tana kallonsa. Ta juyo ta ce babu komai, huhuna fes, amma in riƙa zuwa ana dubawa lokaci-lokaci.

Abuya bai yarda ba sai da ta ba shi hoton a hannu. A cikin taksi ya ɗaga shi jikin gilashi, ya bi shi da yatsa tun daga sama har ƙasa, kamar yana neman inda bututu ke yoyo. Shi da bai san kan hoton asibiti ba.

"Babu tsatsa," ya ce. "Ya salam! Aikin Ubangiji ke nan."

Direban ya ce mabruk, yana taya mu murna, bai ma san na mene ne ba. Muka yi ta dariya mu uku. Sai Abuya ya sassauta murya.

"Ni na riƙa sa miki cakulan ɗin nan, Uwata. Da hannuna."

Na ce, "Kai ka sa, ni na ci, kuma wallahi da daɗi. Abuya, ba ka sani ba. Babu wanda ya gaya maka."

Ya jingina kai, ya rungume hoton a ƙirji, kafin mu wuce danja biyu ya fara minshari, baki buɗe. Na dube shi na ji son tsohon nan ya cika mini zuciya har hawaye suka zubo. Da muka iso ƙofar gida direba ya rage gudu zai tsaya. Na taɓa bayan kujerarsa, na ce a hankali, "Ya ammi, kar ka tsaya. Ƙara zagayawa da mu."