Tubalin Kawu Aza-Ka-Cire

Kawuna magini ne. Haka aka ɗauke shi aiki a jami'ar garinmu, haka kuma yake faɗa wa duk wanda ya tambaye shi. Amma in ka ce ya nuna maka bango ɗaya da ya gina, sai tari ya sarƙe shi. Matarsa, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa kiransa magini ba. Aza-Ka-Cire take ce masa, kuma tsakani da Allah ba sharri ta yi masa ba. Yakan yi dariya in ta faɗa, amma ni da na tashi a gidan na san abin yana ci masa rai.

Ga asalin sunan. Jami'ar tana da babban tsarin faɗaɗa kanta, wata ƙatuwar taswira manne a bangon ofishin sashen ayyuka. Babu abin da babu a ciki: asibiti, sabon ɗakin karatu, ɗakunan kwanan ɗalibai, har da tafki da 'yan jiragen ruwa, a wurin da famfo ma sai an lallashe shi yake ɗigo. Duk shugaban jami'ar da ya zo sai ya ce tsarin wanda ya gada ya yi kaɗan, a sake zanawa. Asibitin nan ya sha yawo a takarda, bana yana gabas, baɗi yana bayan gareji. Kuma duk inda aka kai shi sai an yi taron aza harsashi.

To, tubalin taron ɗaya ne tak. Farin dutse ne mai sheƙi, kamar ƙaramin akwati, an sassaƙa a jikinsa cewa a yau aka aza harsashin wannan gini. Wanda ya tsara rubutun, Allah ya saka masa, mai hangen nesa ne, bai sa rana ba, bai sa sunan gini ba. Aikin Kawu shi ne ya share fili, ya ɗan tona rami, ya zuba kwaɓi, ya ɗora tubalin. Babban baƙo ya karɓi cokalin gini ya shafa siminti a gefe yana murmushi, a ɗauki hoto, a tafa. Motar ƙarshe na ficewa Kawu zai cire tubalinsa, ya wanke shi tas, ya lulluɓe da tsohon bargo, ya tura a baro zuwa sito, sai kuma taro na gaba.

Kada ka raina aikin nan. Gwanintar tana cikin kwaɓin. Dole ya yi kama da siminti a hoto, kuma dole ya ƙi kamawa. Kawu ya yi shekaru yana gyara haɗin: yashi tuli, toka don launi, siminti kuwa ɗan barbaɗe kamar gishiri. Kwaɓinsa ko mako ya yi a rana, da yatsa za ka tone shi. Masu girma da yawa sun shafa shi da hannunsu suna rantsuwa ginin zai kai jikokin jikoki.

Matsalar ita ce hannu ya saba. Akwai katanga tsakaninmu da maƙwabci, kuma Kawu ya gina ta ya fi a ƙirga. Ta farko akuyar maƙwabci ce ta sosa ƙeya a jikinta, ta kwanta. Wata kuma Inna ta ɗaura igiyar shanya, ta rataya zani biyu, katangar ta biyo zannuwan. Awaki suka mayar da tsakar gidanmu hanya, suna shiga kicin kamar an aiko su. Kullum Inna sai ta ce tana auren magini amma ko kaza ba ta jin kunyar ganinta tana wanke-wanke, sannan ta gyara, ta ce au, ta manta, ba magini ba ne.

Ana haka ritaya ta matso. Kawu ya rame, ba don aikin zai ƙare ba, sai don zai bar jami'a ba tare da ko dakali ɗaya da zai nuna wa jikoki ba. Taronsa na ƙarshe na sabuwar tsangayar kimiyya ne, can cikin ciyayi bayan filin ƙwallo. A lokacin an rushe sitonsa, don tsari ya ce nan za a yi wurin ninƙaya, saboda haka tubalin a ƙarƙashin gadonsa yake kwana, haɗin ma a gida yake yi.

A makon ne Inna ta kai bango. Ta ce wannan karon ita za ta tsaya a kan haɗin katanga. Ta ja kujera ta zauna, ta karɓe kwanon awo, ta riƙa zuba siminti da hannunta, in Kawu ya miƙa hannu wajen toka ta buge shi. Aka ɗure haɗinta a buhu. Kawu ya yi nasa na taro, shi ma a buhu iri ɗaya, ya jingina su tare a bakin ƙofa. Da safe ya makara, ya sunkuci ɗaya ya fita da gudu. Sauran ba sai na faɗa ba, amma zan faɗa, don ni abin har yau yana ba ni dariya da haushi a tare.

An yi taro lafiya, an tafa. Kawu ya ce tubali ba ya gudu, kwaɓinsa kuma ba ya kamawa, bari ya je ya sallami Inna da maganar katanga, ya dawo bayan hutun ƙarshen mako. Ya gina katanga, har yana yaba wa kansa yadda kwaɓin ke bin hannu da laushi. Ranar aiki ya turo baro yana fito. Ya kama tubali ya ja, shiru. Ya tofa yawu a hannu ya sake ja, sai ga shi zaune a ƙasa, hula a gefe. A daidai wannan safiyar zakaran maƙwabci ya hau sabuwar katanga zai yi cara, bai ƙarasa ba suka sauko tare.

Daraktan ayyuka ya yi faɗa kamar zai ci babu, don an riga an mayar da tsangayar wani gefen, ana bukatar tubalin. Aka kawo diga, aka ga dutsen zai fashe. Aka kafa kwamiti, kwamitin ya zauna ya kafa ƙaramin kwamiti. Daga ƙarshe suka sayo tubalin roba, wanda ko sakatare zai ɗauka a hammata. Kawu ya yi ritaya ba ko sannu. Ya dawo gida ya shige ɗaki, ya daina fita majalisa. Na tausaya masa ƙwarai, Inna ma ta daina kiran sunan nan, kuma shirun nata ya fi tsokanar ciwo.

Tubali dai yana can cikin ciyayi. Ɗalibai masu yanke hanya suka fara zama a kai suna hutawa. Wata mai sayar da ruwan sanyi ta kafa lema a gefensa, mai gyaran waya ya biyo ta, sannan mai kwafin takardu. Motocin ɗalibai suka fara tsayawa, kwandasta na tambayar ko akwai mai sauka a Tubali. Da sabon shugaba ya zo aka sake zana taswira, komai ya tashi daga inda yake, asibiti ya koma kudu. Amma masu zanen sun tarar da jama'a a wurin, sai suka sa ɗigo suka rubuta Tubali, suka karkatar da babban titi ya zagaye shi.

Ni na matsa wa Kawu da Inna muka je wurin. Kawu ya tsaya nesa yana kallon ƙasa. Inna ta zagaya dutsen, ta shure shi, ta gyara ɗamara ta tura da hannu biyu har ɗalibai suka matsa. Ko gezau.

"Malam, kai ka yi wannan?"

"Kuskure ne," in ji Kawu. "Haɗin ma naki ne."

"Na sani. Amma wa ya aza?"

"Ni."

Ta kakkaɓe hannu, ta zauna a kan tubalin ta miƙe ƙafafu. "To sannu da aiki, magini."

Kawu ya juya baya, tari ya sarƙe shi, ya daɗe yana yi. Da ya lafa sai ya cire hularsa ya goge ƙurar da takalmin Inna ya bari a jikin rubutun. Ta matsa masa, ya zauna kusa da ita.