Ɗorawar da Kamfani Ya Ƙirga

Ni manomin citta ne, a wani ƙauye bayan Godogodo. Aji huɗu na yi a firamare, sauran ilimina a bakin fartanya na samo shi. Shekarar da citta ta ruɓe mana a cikin ƙasa, na gaji, na ce zan sayar wa masu gawayi ɗorawar da ke tsakiyar gonata. Mai injin sare itace ya zo ya zagaya ta, ya ce zai dawo bayan Kirsimeti.

To, a wurinmu itace na mai gona ne, amma 'ya'yansa na matar gida ne. Matata ke kaɗe ɗorawar, ta dafa kalwa, ta yi daddawa.

Ta ce, "Baban yara, gindin naka ne, ban musa ba. Ka sare gindinka, ka bar mini sama."

Kwana uku miyata ba daddawa.

Ana cikin haka sai ga wata yarinya a bayan mashin, da hula mai tambarin kamfanin da ke sayen cittarmu a Kafanchan. Ta gaishe ni da ladabi, ta bi iyakar gonata da waya a hannu kamar mai neman kazar da ta ɓata. Na bi ta. Da ta iso ɗorawa, ta auna kaurinta da igiya, ta kafa mata 'yar lamba da ƙusa.

Na ce, "'Yata, citta kuke saye ko itace?"

"Citta, Baba. Amma masu sa ta a biskit da shayi can ƙasashen waje suna so su san ba a share daji aka noma ta ba."

"Sun taɓa ganin ɗorawa?"

Ta yi dariya. "Anya."

"To me ya dame su da ita?"

Ta yi mini bayanin yadda sare itatuwa ke kawo zafi da ruwan sama da ba ya zuwa kan lokaci. Wannan na sani, a gadon bayana nake jin sa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutum yana shan shayinsa a ƙasar da ban iya faɗin sunanta ba, amma yana tambayar lafiyar itacen da babana ya bari. Na yi kwanaki ina juya abin. Shin yana da mata? Da me suke miya?

Na tambayi yarinyar abin da zai faru idan ta dawo ta tarar da kututture. Ta ce za ta rubuta abin da ta gani, shi ke nan. Matata na tsaye da kwando a ka, ta ce, "Rubuta da manyan baƙi, 'yata."

Da mai inji ya dawo, na nuna masa lambar, na ce itacen ya shiga takarda. Ya tafi yana gunaguni. Gaskiya ba wanda ya hana ni. Kunya na ji a ce har wani na nesa ya ƙirga ta, ni na gida na mai da ita gawayi.

Da damina yarinyar ta nuna mini hoton ɗorawar a wayarta, cikin rahoton kamfani. Ta ce an rubuta cewa sun ci gaba wajen kare itatuwa.

Na ce, "Sun sa sunan matata?"

Ta duba. Babu.

Matata ta ji tambayar da na yi. Ranar dai miya ta ji daddawa.