Ranar da Na Ƙetare Gulbi da Saniyar Inna

Ko na tsufa har na manta sunan jikokina, ba zan manta daminar da na ƙetare gulbin Gummi da saniyar Inna ba. Ita kaɗai ta rage mana, da nononta muke ci. Ruwa ya fara cinye fadamar da muke zaune, dole mu koma ƙetare. Inna ta riga ta haye, ta bar ni da saniya.

Ni makiyayi ne, ban san kan ruwa ba. Mai fito, wani dattijo mai ƙarancin fara'a, ya zaunar da ni a gindin kwalekwale, saniyar za ta bi mu da iyo.

“Kak ka ɗaure igiyag ga ga jirgi,” in ji shi. “Riƙe ta ga hannu. In ta hirgita, ita ka kihe mu.”

Ya tura mu da gora har ta daina taɓa ƙasa, sannan ya ɗauki filafili. Muna isa tsakiya, inda ruwa ke gudu, saniyar ta ruɗe. Na ga hancinta yana nutsewa, sai na shiga janta da iya ƙarfina. Jirgi ya karkata, ruwa ya fara kwararowa ciki.

“Saki igiya, yaro!”

“Wallahi Baba ba ni saki!”

Tsoro kam na ji shi, amma da wane ido zan dubi Inna ba saniya?

“To taurin kai, sassauta mata! Ta hi ka iya iyo!”

Wannan na yarda. Na bar igiyar tana zarewa a tafina kamar wuta, na damƙe ƙarshen igiyar kawai. Sai ga saniya ta ɗago kai, ta furzar da ruwa ta hanci, ta miƙe abinta. Ashe jan da nake yi ne yake dulmiyar da ita. Na ɗauki ƙoƙo ina kwashe ruwa da hannu ɗaya har muka taɓa gaɓa.

Inna ko kallona ba ta yi ba, wuyan saniyarta ta rungume.

Tabon igiyar yana tafina har yau. Ranar da babban ɗana ya ce zai tafi neman sana'a birni, tabon nan na duba, na ce ya tafi. Abin da kake so ba a sakinsa, amma in ka cika ja, da hannunka za ka nutsar da shi.