Ranar da Na Je Ta'aziyyar Gola

Ina shekara ta shida a wani kamfanin roba a Sharaɗa lokacin da muka tsiri wannan wasa, kuma har yau idan na tuna sai kunya ta kama ni. Aikina a kan injin da ke fitar da butoci ne. Idan aka tashi hutun azahar, bayan mun yi salla, sai mu taru a gindin darbejiyar bakin get, inda wata mata take sayar da shinkafa da wake. Mu bakwai ne ko takwas, kowa da kwanonsa a cinya, waya a ɗaya hannun.

A lokacin kusan kowane mako sai an kashe wani tsohon shahararre a waya. A sa hotonsa, a rubuta innalillahi, mutane su yi ta addu'a, zuwa yamma kuma ɗansa ya fito ya ce ƙarya ne. Daga nan wani a cikinmu ya ce, tunda abin ya zama haka, kowa ya canki wanda yake gani zai riga tafiya da gaske. Muka yi dariya, muka canka. Wani ya ɗauki tsohuwar mawaƙiyar da hawan jini ya kwantar, wani ya ɗauki ɗan damben da aka ce ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, wani kuma ya ɗauki tsohon ɗan wasan kwaikwayo na talabijin. Aka rubuta sunayen a bayan kwalin sabulu. Ba mu sa ko sisi ba, muna yaudarar kanmu da cewa tunda babu kuɗi ai ba caca ba ce. Wanda ya ci, lakabin Malamin Duba kawai zai samu.

Mutum ɗaya ne ya ƙi shiga, makanikin injunanmu, wani dattijo mutumin Nijar. Ya dube mu ya ce, "Ku an nuna muku ranar taku ne?" Ya ɗauki kwanonsa ya koma can jikin katanga. Muka ce masa tsohon yayi.

Ni Gola na ɗauka. Duk wanda ya tashi a Kano zamanin da masaƙun Bamfai suke aiki ya san shi, shi ne mai tsaron ragar ƙungiyar ɗaya daga cikinsu. Mahaifina ya taɓa ɗora ni a wuya don in gan shi. Ban tuna wasan ba, amma na tuna dogon mutum cikin baƙar riga yana tashi sama kamar ba shi da nauyi, da yadda fili ya ɗauki ihu. Bayan masaƙar ta rufe sai labarinsa ya canja. Aka ce ya faɗa shan ƙwaya, matarsa ta tafi, ya sayar da gidansa, daga baya ciwon suga ya sa aka yanke masa yatsun ƙafa. Yayata tana aure a Ɗorayi, layinsu ɗaya da inda yake zaune, ita ta gaya mini ya rame ƙwarai. Da wannan bayani na canke shi, ina jin na fi kowa wayo.

Bayan kamar wata biyu, wata ranar Asabar da safe, hotonsa ya bazu a waya. An ce ya rasu da asuba. Da muka fito hutu abokaina suka tare ni da shewa, "Malamin Duba! Malamin Duba!" Na yi murmushi, amma na ajiye kwanon shinkafar a gefe. Wuyan mahaifina kawai nake tunawa, da hularsa da na riƙe don kada in faɗo.

Makanikin ya zo wucewa, ya tsaya a kaina.

"Ka ci ko?" ya ce. "To ka je ka yi wa iyalinsa gaisuwa mana. Ko shi ma ba ya cikin wasan?"

Ana tashi aiki, da yake ran Asabar da wuri muke tashi, na hau adaidaita sahu zuwa Ɗorayi, ban ko biya gidan yayata ba. Daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gidan da mutane zazzaune, na ce shi ke nan. Na cire takalmi, na durƙusa, na fara "Allah Ya jiƙansa, Allah Ya sa ya huta." Sai na ji wurin ya fashe da dariya. Wani tsoho da ke jingine da bango, ƙafarsa ɗaya a naɗe da bandeji, ya miƙo mini hannu.

"Amin, amin, ɗana," ya ce. "Allah Ya ba da lada. Ni ne mamacin."

Hannun na fara ganewa kafin fuskar. Tafi ne mai faɗi, yatsu biyu sun karkace, ya haɗiye nawa gaba ɗaya.

"Karo na uku ke nan ana kashe ni," ya ce. "Na farko har da buhun shinkafa aka kawo, muka cinye abinmu. Tun safe nake karɓar gaisuwar kaina. Zauna, kada addu'arka ta tafi a banza."

Na zauna har mutane suka ragu bayan la'asar. Na ga yadda yake da kowa. Wanda ya zo da kunya sai ya tsokane shi har ya sake. Wanda ya zo da hawaye sai ya riƙe masa hannu. Da wani ya fara zagin waɗanda suka yaɗa labarin, sai ya ce a bar su, ai sun tara masa mutanen da ya yi shekaru bai gani ba.

Da muka rage mu biyu na ce, "Baba, ina da magana, amma ku yi haƙuri da ni."

Na gaya masa komai: darbejiya, kwalin sabulu, lakabin da aka ba ni ɗazu. Kaina a ƙasa nake magana. Da na gama na zaci zai ce in tashi in ba shi wuri.

"Me ya sa ka ɗauke ni?" ya tambaya.

"An ce mini jikin naku ya yi tsanani."

"To ba ka yi wauta ba. Ni ma da ina wurin, kaina zan ɗauka." Ya gyara ƙafarsa. "Abin da aka gaya maka a kaina gaskiya ne. Na sha ƙwaya, ba wanda ya ɗura mini. Na kori mace ta gari da halina. Yau shekara tara rabona da ita ƙwayar, kuma kullum sai ta yi mini sallama, ni ne dai ba na amsawa. Yanzu gaya mini, su wa kuka haɗa ni da su?"

Na fara lissafo masa. Da na ambaci mawaƙiyar ya miƙe zaune.

"Tana nan da rai? Ita ta yi wasa a bikina!"

Da na ambaci ɗan damben kuwa sai fuskarsa ta canja. Ya ce sun yi zamani tare, idan ya tashi daga fili wajen damben yake wucewa, shi kuma ɗan damben ba ya fashin kallon ƙwallonsu.

"Ina yake zaune yanzu?"

Na ce ban sani ba.

"Kun san ciwonsa, ba ku san ƙofar gidansa ba," ya ce, ba da faɗa ba. "To ka nemo mini. Ni ƙafa ta ƙi, kai kuma kana da ita."

Ran Litinin na ba abokaina labari a gindin darbejiya. Babu wanda ya yi dariya sosai. Makanikin ne ya ce ya san wani mutumin garinsu da ke gadi a Bamfai, a bayan tsohuwar masaƙa, kuma ya taɓa ce masa ɗan damben yana nan kusa, a hannun 'yarsa. Ya karɓi kwalin sabulun daga hannun wanda yake ajiye da shi, ya ninke, ya sa a aljihu. Wasan bai sake tashi ba, kuma ba wanda ya ce a daina.

Lahadin da ta biyo muka tafi mu uku. Ni da makanikin muka tallafi Gola muka sa shi a adaidaita, sandarsa a tsakanin ƙafafunmu. Da muka shiga Bamfai ya sa mai adaidaita ya rage gudu a gaban masaƙar. Get ɗin ya yi tsatsa, ciyawa ta cinye filin da suke atisaye. Ya nuna mana inda ragarsa take, ya ce mu tafi.

'Yar ɗan damben ta yi mana iso zuwa soro. Yana zaune a kan katifa, ƙaton mutum da ya zube, yana kallon bango. Ta ce ya daɗe bai gane kowa ba, wani lokaci har ita. Gola ya ja jiki ya zauna kusa da shi, ya kira shi da wani suna da ban taɓa ji ba, ya yi masa kirarinsa na da, a hankali, ba da ihu ba. Mutumin bai juyo ba. Ni na fara jin nauyin zaman, ina neman hanyar da za mu yi sallama.

Gola bai damu ba. Ya kama hannun daman ɗan damben, wanda ake naɗe wa zare, ya juya shi, ya ga farata sun yi tsawo.

"'Yata, kawo mini reza da ruwan ɗumi," ya ce.

Ta ce ai ba ya yarda a taɓa masa hannu, shi ya sa suka bari. Gola ya ce ta dai kawo. Ya jiƙa yatsun, ya shiga yanke faratan ɗaya bayan ɗaya da karkatattun yatsunsa, yana ba shi labarin wani wasa da aka tashi saboda ruwan sama, da wani mai tsire da suke cin bashinsa, da mutanen da duk sun riga mu gidan gaskiya. Ɗan damben bai janye hannun ba. Da aka gama na dama, shi da kansa ya miƙo na hagu. 'Yarsa ta juya baya ta shige cikin gida.

Mun koma sau da yawa bayan nan, mun kuma je wajen mawaƙiyar, wadda ta gane Gola tun daga muryarsa ta ce ya tsufa da muni. Ɗan damben ya rasu da damina ta gaba, Gola na sahun farko a sallar jana'izarsa, a zaune a kan kujera.

Yanzu na koma aiki a wata majema a Chalawa, zuwa Ɗorayi ya yi mini wuya, sai wata-wata. Idanun Gola sun fara dushewa. Zuwana na ƙarshe na tarar ya sa an kafa duwatsu biyu a layin, wasu 'yan unguwa suna buga ƙwallo, shi kuma daga kan tabarma yana yi wa mai tsaron ragarsu tsawa ya daina tsayawa a kan dunduniya.